Ɗan sanda ya ji rauni a bakin aiki a Ingila: wa zai biya, kuma ina aka wuce gona da iri?

Auwalu Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman ƙarin haske daga masana shari'a da waɗanda suka san yadda aikin ɗamara yake a Birtaniya.

A watan Agustan 2012 ƙararrawar tsaro ta kaɗa cikin dare a wani gidan mai da ke garin Thetford, yankin Norfolk a Ingila. Mai wurin ya kira 999, lambar neman agajin gaggawa, aka turo masa 'yar sanda. Suna cikin zagayawa suna duba ko ɓarawo ya shiga, sai ta yi tuntuɓe da dakalin gefen hanya, ta faɗi ta ji ciwo a ƙafa da wuyan hannu. Bayan watanni sai ga takardar lauya ta iso wa mutumin ana neman diyya, wai bai haskaka wurin sosai ba, kuma bai ja mata kunne kan dakalin ba. Da labarin ya fita a 2013 ƙasar ta ɗauki zafi. Shugaban 'yan sandan Norfolk ya ce ba ya goyon bayan ƙarar, Theresa May da ke riƙe da ma'aikatar cikin gida a lokacin ita ma ta nuna ɓacin ranta, daga baya a cikin wannan shekarar matar ta janye.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne: ashe doka ta yarda ɗan sanda ya kai ƙarar wanda ya kira shi neman taimako? Ba haɗarin aikin ake biyansa albashi a kai ba? Idan kuwa raunin gaske ne, kamar wanda aka daɓa wa wuƙa ko mota ta kwashe, ta wace hanya yake samun haƙƙinsa, kuma nawa ne? Sannan wannan da Turawan ke kira al'adar neman diyya, gaskiya ce ko kururuwar jaridu ce kawai?

Barista Hadiza

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Abin da ke dagula maganar shi ne kalmar diyya ɗaya ake ɗora wa abubuwa huɗu da ba su haɗa hanya ba. Akwai fanshon rauni da rundunar ke biyan wanda aiki ya naƙasa, shi ba ruwansa da laifin kowa. Akwai kuɗin hukumar CICA, na gwamnati ne, na duk wanda aka kai wa hari da duka ko makami, ɗan sanda ne ko farar hula. Akwai tallafin naƙasar wurin aiki, wanda a mafi yawan lokuta sai an auna naƙasar ta kai kashi 14 cikin ɗari. Sai ta huɗu, ƙarar sakaci a kotu. Ita kaɗai ce ke taɓa mai gida ko mai shago, kuma ita ce ta Thetford. Jarida kan tara kuɗin duka ta buga adadi ɗaya, mai karatu ya ɗauka duk daga aljihun waɗanda suka kira 999 aka zaro.

Amsar tambayarka ta farko: e, doka ta yarda, kuma ba yau aka fara ba. Tun tsakiyar shekarun 1930 aka yi shari'ar Haynes da Harwood. An bar dawakai biyu masu jan amalanke a titi babu mai tsaro, yaro ya jefe su da dutse, suka zabura cikin titin da ke cike da mata da yara. Ɗan sanda ya fito daga caji ofis ya tare su, ya ji mummunan rauni. Masu dawakan suka ce ai shi ya kai kansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, wanda ya haddasa haɗari da sakacinsa ya san za a sami mai zuwa ceto, don haka raunin mai ceton yana wuyansa.

A jihohi da dama na Amurka akwai ƙa'idar da ta hana ma'aikacin kashe gobara, har da ɗan sanda, kai ƙarar wanda sakacinsa ya jawo kiran, bisa hujjar da ka kawo: haɗarin ne aikinsa. Ingila ta ƙi wannan ƙa'ida a 1987, a shari'ar Ogwo da Taylor. Mai gida yana ƙona tsohon fenti a katakon rufi da abin hura wuta, katakon ya kama. Ɗan kwana-kwana ya shiga cikin rufin da mesa, tururi ya ƙone shi duk da kayan kariyar da ya sa. Alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli kafin 2009, suka ce mai gidan zai biya.

To amma ikon shigar da ƙara daban, cin ta daban. Dokar masu iko da wuri ta 1957 ta ɗauki wanda doka ta ba ikon shiga, kamar ɗan sanda, a matsayin baƙon da ya wajaba a kula da lafiyarsa gwargwadon hankali. Wannan dokar dai ta ce mai wuri yana da damar sa ran cewa wanda ya zo da sana'arsa zai kiyaye haɗurran da aka saba gani a sana'ar. Ɗan sandan da ya zo duba ɓarawo da dare ya san duhu zai tarar, shi ya sa yake ɗauke da tocila. Dakali kuma abu ne da ke gaban kowane gidan mai. A 2003, a shari'ar Tomlinson da Congleton, kotun ƙolin ta ƙara jaddada cewa ba dole ba ne a gargaɗi babban mutum kan haɗarin da ke fili kowa na gani. Shi ya sa nake ganin ƙarar Thetford mai rauni ce tun daga tushe. Da a ce ramin kanikawa ne aka bari a buɗe a bayan gini, mai wurin ya sani, ya sa ta gaba bai ce uffan ba, da magana ta sauya gaba ɗaya.

Yadda ƙarar ke tafiya kuwa: wa'adi shekara 3 ne daga ranar raunin, ko daga ranar da mutum ya gane raunin da sanadinsa. Daga ƙarshen Yulin 2013, ƙarar da ba ta wuce fam 25,000 ba ta wani shafin intanet na musamman ake fara ta. Kamfanin inshora yana da kwanakin aiki 40 ya amsa laifi ko ya musa idan wurin wani ne, kwana 30 idan wanda ake yi wa aiki ne. Sai rahoton likita mai zaman kansa, sai lissafin asara. Kuɗin kashi biyu ne: na zafin ciwo da tauyewar rayuwa, da na asarar da za a iya ƙirgawa, wato albashi, kuɗin aikin bayan lokaci da ya wuce shi, kuɗin gashin ƙashi, kuɗin mota zuwa asibiti. Idan mai ƙara yana da nasa sakacin, dokar 1945 ta ba alƙali ikon zaftare kaso. An yanke fam 8,000, an ce laifinsa rabi ne, ya tafi da 4,000. Mafi yawa ba sa kai wa gaban alƙali, sulhu ake yi, kuma inshora ke biya. Sai dai inshorar raunin baƙi ba tilas ba ce a kan kowa, ƙaramin ɗan kasuwan da bai yi ta ba shi ne ke kwana da fargaba.

Kai ƙarar rundunar kanta ma ba sauƙi. A shari'ar Hughes ta 1991, ɗan sandan da ya ji rauni a rikicin yajin aikin masu haƙar kwal bai yi nasara ba, kotu ta ce ba za a tuhumi kwamanda da sakaci kan shawarar da ya yanke a tsakiyar tarzoma ba. Amma a shari'ar Costello, inda wata da ake tsare da ita ta far wa 'yar sanda a caji ofis, sufeto yana tsaye bai kawo agaji ba alhali don haka ya tsaya, an ɗora wa rundunar Northumbria alhaki.

Malam Nura Tudun Wada

Barista ta gama da ɓangaren kotu. Bari in ɗauki fanshon rauni, don nan ne mai raunin gaske yake dogara, kuma nan ne aka fi cutar da shi.

A fara da albashin jinya: wata 6 cikakke, wata 6 rabi, daga nan sai abin da shugaban rundunar ya ga dama ya ƙara. A tuna kuma ɗan sanda a Ingila ba ma'aikaci ba ne irin na kamfani, mai riƙe da muƙami ne na masarauta, kuma tun 1919 doka ta hana shi yajin aiki. A wannan shekarar aka kafa ƙungiyarsu ta Police Federation, wadda ke ɗaukar wa mambobinta lauya. Sai a 1997 ma aka shigar da 'yan sanda ƙarƙashin dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1974.

Fanshon yana ƙarƙashin ƙa'idojin 2006. Sharuɗɗan: mutum ya bar aiki, naƙasar ta dindindin ce, ta samo asali daga raunin da ya samu yana bakin aiki, kuma ba mummunan sakacinsa ko rashin ɗa'arsa ne babban sanadi ba. Hanyar zuwa aiki da ta komawa gida duk ana lissafa su a bakin aiki. Likitan da rundunar ta zaɓa shi ke yanke hukunci, kuma ga inda mutane ke kuskure: ba girman ciwon yake aunawa ba, raguwar abin da mutum zai iya samu da guminsa yake aunawa. Mai tabo a fuska wanda zai iya aikin ofis da albashi mai kyau yana iya faɗawa matakin ƙasa, mai ciwon baya da ba a gani da ido ya hau sama.

Matakan huɗu ne. Kashi 25 zuwa ƙasa, garatuti kashi 12.5 na albashin shekara. Sama da 25 zuwa 50, garatuti kashi 25. Sama da 50 zuwa 75, kashi 37.5. Sama da 75, kashi 50. Bayan garatutin akwai mafi ƙarancin kuɗin shiga da aka lamunce masa duk shekara, wanda ya danganta da mataki da kuma shekarun aiki. Wanda bai kai shekara 5 ba a matakin farko kashi 15 ne kacal, wanda ya kai 25 a matakin nan kashi 60. A mataki na huɗu kowa kashi 85 ne.

Ga misali na lissafi kawai. A ce albashinsa fam 40,000, ya yi shekara 12, likita ya ce yanzu aikin fam 26,000 zai iya. Asarar 14,000 ce, kashi 35 ke nan, mataki na biyu. Garatuti 10,000 sau ɗaya. Lamunin shekara kashi 50, wato 20,000. Idan yana karɓar fanshon ritayar rashin lafiya na 12,000, za a cire kashi uku cikin huɗu nasa, 9,000, saura 11,000. Daga nan kuma a cire wasu tallafin gwamnati da yake karɓa saboda raunin. Abin da ya rage babu haraji a kai. Wannan shi ne arzikin da ake ta magana, ga mutumin da aikinsa ya ƙare yana ɗan shekara talatin da wani abu.

Inda abin ke lalacewa:

Rashin rubuta raunin a ranar. Mutum ya murɗe gwiwa wajen kama mai laifi, ya daure, bai cike takardar haɗari ba, bai faɗa wa likita a bakin aiki ne ba. Bayan shekara takwas gwiwa ta ƙi, babu takarda ɗaya da ta haɗa ta da wancan dare. A rubuta rana, lokaci, lambar kiran, sunayen abokan aiki, a nemi a adana hoton kyamarar ƙirji kafin a goge.

Rabon sanadi. Likita ya ga hoton baya ya ce ai dama ƙashin ya fara zaizayewa, rabin naƙasar tsufa ce. Da wannan kaɗai mutum kan sauko daga mataki na uku zuwa na biyu. Ana ɗaukaka ƙara gaban kwamitin likitoci, amma cikin kwana 28 da karɓar rahoton, kuma sai da rahoton ƙwararren likita a hannu, ba da baki ba.

Ciwon damuwa. A shari'ar Stunt ta 2001 kotu ta ce damuwar da bincike ko ladabtarwa suka jawo wa ɗan sanda ba raunin bakin aiki ba ce. Wadda ta taso daga abin da ya gani ko ya sha a wurin aiki tana shiga.

Sai bita. Rundunar tana da ikon sake duba matakin lokaci zuwa lokaci. Wata takardar ma'aikatar cikin gida ta 2004 ta ba da shawarar a mayar da wanda ya kai shekara 65 matakin ƙasa, runduna da dama suka bi, tsofaffi suka wayi gari an zaftare musu kuɗi. Kotuna sun rushe wannan. A shari'ar Laws ta 2010 kuma an ce wajen bita ba a sake buɗe maganar sanadi, abin dubawa kawai shi ne ko naƙasar ta sauya sosai.

Ita CICA, tsarin 2012 yana farawa daga fam 1,000, jimilla ba ta wuce 500,000. Wa'adi shekara 2. Jadawali ne, kowane rauni da farashinsa, kamar dai yadda malaman fikihu suka ƙayyade raƙuma 5 ga haƙori, 10 ga yatsa. Idan raunuka uku ne, mafi girma ana biya cikakke, na biyu kashi 30, na uku kashi 15. Wanda aka kai wa hari kai tsaye yana shiga. Wanda ya faɗo daga katanga yana bin ɓarawo kuwa sai ya nuna ya ɗauki kasada ta musamman, kuma tsarin ya faɗa ƙarara cewa kasadar da aka saba sa ran mutum ya ɗauka a aikinsa ba ta musamman ba ce. Ƙananan raunuka da yawa an cire su daga jadawalin a 2012. Ciwon ƙwaƙwalwa sai likitan mahaukata ko ƙwararren masanin halayya na asibiti ya tabbatar, takardar likitan unguwa ba ta isa.

Baban Ilham

Na gode wa Barista da Malam Nura, amma ina ganin kun sassauta. Ko ƙarar Thetford ba za ta ci ba, ɓarnar ta riga ta faru ranar da takardar ta isa hannun mutumin. Idan mai shago ya fara tunanin ko kiran 999 zai jawo masa lauya, an taɓa abin da aikin ɗan sanda ya tsaya a kai, wato amincewar jama'a. Kuma ƙungiyar 'yan sandan da ta ɗauki nauyin lauyan matar ya kamata ta auna wannan, ba yiwuwar samun kuɗi kaɗai ba.

Kan ko al'adar gaskiya ce, a bi kuɗin lauya za a ga amsa. A 1995 aka fara yarjejeniyar nan ta in ba a ci ba, ba a biya. A watan Afrilun 2000 aka janye tallafin lauya na gwamnati daga yawancin ƙararrakin rauni, aka kuma ce wanda ya sha kaye shi zai biya tukuicin nasara na lauyan mai ƙara, wanda ke iya kaiwa daidai da kuɗin aikinsa, har da kuɗin inshorar shari'ar. Mai ƙara ya zama ba ya asarar ko kwabo, ci ko faɗuwa. Nan dillalai suka shigo: talla a talabijin, kiran waya, tare mutane a bakin kasuwa, su tattara sunaye su sayar wa lauyoyi a kan la'ada. Cikin irin waɗannan kamfanonin dillalai, Claims Direct ta durƙushe a 2002, The Accident Group ta bi ta a 2003, har ta sallami ma'aikatanta ta saƙon tes. Kamfanin inshora kuma ya lissafa: ƙarar fam 2,000, kare ta zai ci fiye da haka, sai ya biya ko da ba ta da tushe. Kowace irin wannan biya tana kiran ta gaba.

Gaskiya ne, kwamitin gwamnati na 2004 da rahoton Lord Young na 2010 duk sun karkata ga cewa tsoron ƙara ya fi ƙarar kanta yawa. Amma tsoron ma ɓarna ne, shi ke sa makaranta ta soke fita da yara. Kuma a ɓangaren ciwon wuya na haɗarin mota, yawan ƙararrakin ya yi ta hawa a shekarun da haɗurran da ake kai rahoto ke raguwa.

Gyaran ya zo daki-daki. Daga Afrilun 2013 an haramta la'ada a ƙararrakin rauni, tukuicin nasara ya koma kan mai ƙara, ba ya wuce kashi 25 na diyyarsa in an ware asarar gaba, aka ƙara kashi 10 a kan kuɗin zafin ciwo don rage masa raɗaɗi. Dokar 2015 ta ce wanda aka kama da ƙarya a ginshiƙin ƙararsa zai rasa duka, har da ɓangaren gaskiyar. Daga 31 ga Mayun 2021 ciwon wuya ya koma jadawali, a lokacin ya fara da fam 240 ga wanda bai wuce wata 3 ba.

Inda aka fi ganin nauyin wannan magana shi ne Hillsborough, 15 ga Afrilun 1989, inda turmutsutsu a filin ƙwallo na Sheffield ya yi sanadin rasuwar mutum 97. A 1991 kotun ƙoli ta hana dangin mamata diyyar girgizar zuciya, waɗanda suka gani a talabijin da ma wasu da ke filin. A 1996 aka sasanta da 'yan sanda 14 da suka shiga cikin cunkoson a kan fam miliyan 1.2, daga rundunar da sakacinta ne ya jawo abin. Wasu da suka yi aiki a filin ba tare da sun shiga haɗari ba suka ci a kotun ɗaukaka ƙara, amma a Disambar 1998 kotun ƙoli ta soke, uku da biyu. Lord Hoffmann ya kafa hujja da cewa talaka ba zai ga adalci ba a biya 'yan sanda alhali an sallami iyayen da suka rasa 'ya'ya hannu rabbana. Ciwon waɗannan 'yan sandan gaskiya ne, ba wanda ya musa. Duk da haka ina tare da wannan hukunci.

Auwalu Fagge

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya, Barista. Mutum ɗaya zai iya karɓar fanshon rauni, ya karɓi na CICA, ya kuma ci ƙara a kotu? Wannan ba cin tudu biyu ba ne?

Barista Hadiza

Yana iya neman duka, Malam Auwalu, amma yawancinsu suna cinye juna. CICA tana cire duk abin da kotu ta ba ka a kan rauni ɗaya, in kuma ta riga ta biya sannan ka samu, za ta nemi kuɗinta. Tallafin gwamnati da ka karɓa saboda raunin, har na shekara 5, akwai sashe na musamman da ke karɓo shi daga hannun mai biyan diyya a ƙarƙashin dokar 1997, shi kuma ya cire daga ɓangaren da ya dace na kuɗinka. Albashin da aka ci gaba da biyanka kana jinya ba asara ba ce, ba za ka sake nemansa don kanka ba.

Wanda ba a cirewa shi ne fansho, kuma shari'ar da ta kafa wannan ta ɗan sanda ce: Parry da Cleaver, 1969. Yana ba da hannu a titi direba ya buge shi, aka yi masa ritaya. Direban ya ce a cire fanshon daga asarar albashi. Kotun ƙoli ta ƙi, ta ce fansho kamar inshora ce da mutum ya saya da guminsa, ba za a mayar da ita rangwame ga wanda ya yi ɓarnar ba. Ana lissafa ta ne kawai idan an zo kan asarar fanshon bayan shekarun ritaya.

Baban Ilham, na yarda da kai kan Thetford, ban yarda da kai kan gyaran ba, domin bai bambance mai ƙarya da mai gaskiya ba. Daga 1 ga Oktoban 2013 karya ƙa'idar kare lafiyar ma'aikata kaɗai ba ta isa a ci ƙara, sai ma'aikaci ya tabbatar da sakaci. Ɗan sandan da sulkensa ko birkin motar sintiri ya ci amanarsa, yanzu shi zai nemo takardun gyara da na saye da ke hannun rundunar, ya nuna sun sani ko ya kamata su sani. Kuma idan aka hana ɗan sanda ƙara ɗungurungum irin na Amurka, direban da ya sha giya ya take shi a shingen bincike shi ne ya ci riba, shi da kamfanin inshorarsa. Kotun da ta hukunta wanda ya kai hari tana iya umartarsa ya biya diyya, amma gwargwadon ƙarfinsa ake yankewa, sau da yawa 'yan fam ɗari ne da ake biya kaɗan-kaɗan.

Malam Nura Tudun Wada

Ƙari kan maganar Barista. Mafi girman kuɗin da aka biya 'yan sanda a dunƙule ba na tuntuɓe ba ne, na kunne ne. A Ireland ta Arewa dubban tsofaffin jami'an RUC, tsohuwar rundunar 'yan sandan yankin, sun kai ƙara saboda an yi shekaru ana kai su atisayen harbi babu abin toshe kunne na kirki, alhali an san illar. Zuwa farkon 2014 abin da aka kashe ya haura fam miliyan 135, kuma kusan rabinsa kuɗin lauyoyi da na shari'a ne, bai shiga hannun masu ciwon ba. An bi su ne ɗaya bayan ɗaya, kowa da lauyansa da likitansa da gwajin jinsa, rundunar ma da nata. Da tun farko an amsa laifi an kafa jadawali ɗaya, a gwada ji sau ɗaya a biya bisa yawan abin da ya ragu, da an rage wannan kashin sosai.

Ga mai irin wannan matsalar, wa'adin shekara 3 yana fara ƙirguwa ne daga ranar da ya san, ko ya kamata ya san, cewa jinsa ya ragu kuma aiki ne sanadi, ba daga ranar da lauya ya faɗa masa ba. Idan takardar asibiti ta nuna ya yi ƙorafin ƙarar kunne shekara goma da suka wuce, lauyan rundunar da ita zai fara. Likita kuma yana duba hoton gwajin ne ya ga ko akwai faɗawar nan da ƙarar bindiga ko inji ke bari a wajen hertz 4,000 (ma'aunin kaifin sauti), sannan ya cire abin da shekaru kaɗai za su rage kafin ya faɗi kason da aiki ya jawo.